SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SAMUN WURIN SHIGA

Jama'a, duk manomin da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta ya san ba a barin bakin rumbu a buɗe, ko da maƙwabta mutanen kirki ne. To, yaya aka yi masu riƙe da takardunmu ba su san wannan ba?

Kwanan baya na shiga wani ofis a ƙasarmu neman takarda. Na iske kwamfuta huɗu an haɗa su, kowace tana buɗe ajiyar 'yar'uwarta, babu kalmar sirri, kuma dukkansu Windows 7 ce a kansu, wadda kamfanin Microsoft ya daina yi wa faci tun Janairun 2020. A ciki kuwa ga sunayen manoma, ga lambobin wayarsu da na asusun bankinsu. Da na yi magana sai akawun ya ce, "Haba Malam, wa zai kula da mu a ƙauye?"

To, bari in ba shi amsa a nan. Hanyar da kwamfutocin Windows ke bi su miƙa wa juna takardu sunanta SMB, ƙofarta kuwa ita ce lamba 445. Tsohon samfurinta yana da tsaga. Hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, ta san da tsagar, amma ta yi shiru don ta riƙa leƙe ta ciki. Aka sace makamin da ta ƙera, aka watsa shi a intanet a Afrilun 2017. Ran 12 ga Mayu cutar nan WannaCry ta ɓarke, ta shiga kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta kulle takardu, ta ce sai an biya dala 300. A Ingila sai da aka soke ganin likita wajen 19,000.

Abin lura shi ne, cutar ba ta zaɓen mutum, ba ta tambayar birni ko ƙauye. Da kanta take bin ƙofa ƙofa, inda ta sami tsaga ta faɗa, daga nan ta bi sauran kwamfutocin ofishin. Abin takaici kuma, Microsoft ya fitar da facin tun 14 ga Maris, wata biyu kafin ɓarnar. Ashe sakaci ne ya ci mutane.

Mahukunta kada su ce ba su ji ba. Tun Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu asibitoci da makarantu: a kashe tsohon SMB, a toshe ƙofa 445 daga waje, a sa kalmar sirri a kan kowace ajiya, a riƙa ɗora faci da zarar ya fito, a kuma ajiye kwafin takardu inda waya ba ta kai.

Babba in takardarsa ta ɓace, kafin azahar an yi masa wata. Talaka kuwa sai ya shekara yana zirga-zirga a kan kuɗin motarsa. Ku da za ku kai sunanku ofis, ku tambaya wa ke tsaronsa. Haƙƙinku ne.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Naku,
Magatakarda