A Gindin Suri

Asabar ɗin da ta wuce, bayan ruwan asuba ya ɗauke, na kwashi ɗalibaina shida muka nufi ɗan dajin da ya rage a bakin fadama, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Sharaɗi ɗaya na gindaya musu: kowa ya jefa waya aljihu, ya mai da ido ƙasa.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da duman rafi ya shimfiɗa furanninsa, tafasa ta yi rawaya, buzuzu na ta fama da kayansa. A gindin wani suri muka daɗe. Naman kaza ne ya tsago ƙasa ya fito fari fat. Na bayyana musu cewa wannan amfanin gonar gara ne: ita ke tauna ciyawa da itace ta jibge a cikin ɗakunanta, naman kazan ya tsiro a kai ya narkar mata da abin da cikinta ba zai iya ba. Abin da muke gani a sama da damina ɗan tsiro ne kawai na gonar da ke ƙasa. Wata ɗaliba ta kawo sunansa na Latin ba gargada, amma da na tambaye ta yadda kakarta ke bambanta shi da lemar kwaɗi mai kisa, sai ta yi shiru. Ban ga laifinta ba. Mu muka koyar da ita haka.

Abin da ya dame ni shi ne waɗanda ban gani ba. Ina yaro, shinge kan rufe fitila har mu cika kwano, makesu kuma su haska fadama da dare. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, feshin maganin ciyawa da na ƙwari ya zama ruwan dare. Ba na ƙin shinkafa, ita nake ci. Sai dai maganin ba ya tambayar ƙwaro ko shi ɓarawo ne ko kudan zuma, kuma ruwan da ya wanke gona gulbi yake komawa, inda kifin Matan Fada ke kiwon 'ya'yan ƙwari.

A 2017 masana a Jamus sun nuna cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27. Sun iya faɗar haka ne domin wasu masu sha'awa a garin Krefeld sun yi ta kamawa suna aunawa suna rubutawa. Ni kuwa hujjata tunanin ƙuruciya ce, wadda ba kwamishinan da zai saurara.

Don haka na raba wa ɗaliban littafin aljihu: kwanan wata, wuri, abin da aka gani, da sunan da tsofaffin wurin ke kiransa. Za mu koma gindin surin nan kafin kaka.