Hatimin Metir da Alhajin da bai zo ba

Da alfarma abin yakan soma. Alhaji yana Kano ko Kwatanu wajen fito da kaya, mai sayen gida kuwa ya matsa, kuɗinsa a hannu. Sai a aiki yaron shago da takardar da aka ce Alhaji ya riga ya sa wa hannu, a ce da notar: "Haba Metir, ai kun san juna, hatimi kawai za ka buga." In ya buga, to ya rubuta ƙarya da hannunsa, domin takardar notar da shaida ɗaya take buɗewa, cewa wane ya bayyana a gabansa ran kaza ga wata kaza.

A Nijar notar daban, lauya daban. Tsari ne da aka gada daga Faransa, inda dokar 1803 ta shimfiɗa wannan sana'a. Lauya ɓangare guda yake tsaya wa. Notar kuwa gwamnati ke naɗa shi, kuma ba shi da ɓangare. Shi ya sa takardarsa ke da nauyin da ta kowa ba ta da shi. Abin da ya ce ya gani da idonsa, alƙali zai ɗauke shi gaskiya har sai an buɗe ƙara ta musamman ta zargin jabu, hanya mai tsawo mai cin kuɗi. Bashin da ya rubuta kuma ana iya tilasta biyansa ba tare da an sake zaman shari'a ba. Matar mamaci da marayun da aka fito musu da irin wannan takarda, sau da yawa ba su da ƙarfin ƙaryata ta.

Dokar 1998 ta tsara matsayin notarori a ƙasar nan, ta 2018 ta maye gurbinta. Suna da majalisarsu ta ƙasa, kuma mai shigar da ƙara da sunan gwamnati yana sa ido a kan aikinsu. Horon hawa-hawa ne, daga jan kunne zuwa dakatarwa, daga nan sai tuɓewa. Wannan na sana'a ne kawai. Laifin jabu yana nan yana jira a kotu. A Faransa jami'in da ya yi jabu a takardar hukuma yana iya shan ɗaurin shekara 15 da tarar Yuro 225.000, wato sama da miliyon 147 na sefa.

Da an ƙetare iyaka daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, zance ya sake. A Nijeriya mai wannan hatimi lauya ne, wanda Alƙalin Alƙalan ƙasar ya ɗora wa aikin notar bisa aikinsa. Saboda haka kuskure ɗaya na iya cin huluna biyu: a karɓe hatimin, sannan kwamitin ladabtar da lauyoyi ya gargaɗe shi, ko ya dakatar da shi, ko ya soke sunansa daga rajista. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya lura, hatimin can galibi shaidar sa hannu ne, ko rantsuwa, ko kwafin takarda. Bai kai takardar notar ta nan ƙarfi ba, ko da jan tambarinsa ya fi cika ido.

A Amurka ma kotunan jihohi sun sha horon lauyoyi a kan wannan alfarma, har a inda aka tabbatar sa hannun na mai shi ne. Hujjarsu ba ta da sarƙa. Ba a tambayi lauya ko sa hannun na gaskiya ne ba. An tambaye shi ko a gabansa aka sa.

Raunin tsarin irin namu a wani wuri yake. Sana'ar ta mutane kaɗan ce, yawancinsu a Yamai, kowa ya san kowa, kuma abokan aiki ne ke fara duba laifin abokin aiki. Horon da aka yi a ɗaki aka rufe ƙofa ba ya kare ma'aikacin da ya tara albashin shekara ashirin zai sayi fili. Ya kamata duk wanda aka dakatar a buga sunansa da dalili, a liƙa a ƙofar kotu, kamar yadda ake sanar da naɗinsa.

Su ma ƴan kasuwa da nasu kason. Notar da ya ce sai Alhaji ya zo da kansa da katin ɗan ƙasa, ko ya aiko wakili da takardar wakilci, shi ake kira mai taurin kai, a kwashe aiki a kai wa mai sauƙin hali. Wannan sauƙi yakan kwana shekaru ba a ji komi ba. Sai ranar da Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, magada suka zauna rabo, wani ɗa da ya yi lakkol ya buɗe fasfon mahaifinsa, ya ga tambarin iyaka ya nuna ranar da takarda ta ce tsohon yana zaune gaban Metir a Maraɗi, yana Makka ne wajen Umra.