Lissafin da ke cikin hular sanyi

Da hunturun bana, wata ɗalibata ta ga hular ulu mai kala biyu, saƙar tsinke biyu, ta ce za ta yi irinta da kwarashi. Ta kwafi zanen yadda yake, sai hular ta yi tsawo, adon ya karkace, zare ya ƙare. Dalili kuwa, ƙullin kwarashi ya fi tsayi, ya fi cin zare. Sai da ta auna kai, ta ƙidaya ƙulli nawa ke cika santimita 10, ta sake zanen, sannan hula ta zauna.

Iyaye da malaman Yamai, wannan fa lissafi ne tsantsa. Mu daina ɗaukar darasin aikin hannu ɓata lokaci. Yarinyar nan tsoron rabawa take a allo, ga shi ta yi da kwarashi.