Zanen Salla ba wasan yara ba ne

Ƴar'uwa, idan Salla ta ƙarato, wa ya kai ki wahala a gida? Ke ce daka, ke ce ɗiban ruwa, ke ce kitson yara. In ta layya ce, ga suyar nama har dare. Gajiya ta yi yawa, sai ki yi ta yi wa yaro tsawa, bai yi komi ba.

Ga shawarata. Bayan isha'i, in yara sun kwanta, ki ɗauko kaye da bik, ko allo da alli. Minti 15 ya isa. Ki zana furen lallen da kike so a hannunki ranar idi. Ko dagi, irin na bangon gidajen Birni a Damagaram. Layi ɗaya, ɗigo uku, ki sake. Hannu na tafiya sannu sannu, numfashi ma sai ya bi shi. Tunanin kuɗin cefane ya ɗan sake ki.

Wasu za su ce wannan aikin marar aikin yi ne. Ban yarda ba. Hannun da ya saba jan layi mai lanƙwasa ba ya rawa wurin rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Muna ganin haka a aji. Mai gudun zana abu mai rai kuwa, fure da ganye sun ishe ta.

Kai kuma maigida, in ka tarar tana zane, kada ka tashe ta don shayi. Ka dafa da kanka, ai ka iya.