Petr Cech: Suna daga gidan kallo zuwa wayar hannu

Ba kasafai masu kallon ƙwallo a arewacin Najeriya kan haddace sunan mai tsaron gida ba, amma Petr Cech, ɗan Jamhuriyar Czech, ya samu wannan matsayi tun kafin wayar da ke ɗaukar intanet ta yawaita a hannun jama'a.

Cech ya koma Chelsea daga Rennes ta Faransa a shekarar 2004, daidai lokacin da gidajen kallon ƙwallo ke bazuwa a birane da ƙauyuka. Ya tarar da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, a ƙungiyar, sannan a 2006 John Mikel Obi na Jos ya zo. Wanda duk ya biya kuɗin shiga don ganin ɗan gida, to sai ya ga Cech a raga.

A kakarsa ta farko ƙwallo 15 kacal aka jefa wa Chelsea a gasar Firimiya. Sai dai abin da ya fi fito da shi tsautsayi ne: a watan Oktoban 2006 ƙashin kansa ya tsage a wasa da Reading, daga nan kuma bai sake shiga fili ba sai da baƙar hular kariya. A ƙaramin talabijin, cikin rumfar da ta cika maƙil, ko daga bencin baya ana gane shi.

Daren 19 ga watan Mayun 2012 a Munich ya ƙara masa daraja, inda ya tare fanaretin Arjen Robben, Chelsea kuma ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Ya yi ritaya a 2019 yana Arsenal, da tarihin wasanni 202 na Firimiya ba a zura masa ƙwallo ba.

A yau da yawan mabiya a Facebook da Instagram ake auna farin jinin ɗan wasa, ga kuma bidiyon Cech yana kaɗa ganguna a YouTube. Amma ma'aunin bai kai ga garuruwa irin su Kakangi da ke ƙaramar hukumar Birnin Gwari ba, inda hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane fita da dare, lokacin da ake buga manyan wasannin Turai.

A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka toshe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, bayan ta hana sayar da fetur a jarka. An yi hakan ne don taƙure 'yan bindigar daji, amma ya haɗa har da matashin da ke duba sakamakon wasa a waya, da mai gidan kallon da janaretarsa ke jiran jarkar mai. Sai a watan Nuwamba aka maido da layukan.

Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta bayyana a Nuwamban 2024 ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Ga mai gidan kallo a ƙauye kuwa, alamar zaman lafiya ita ce iyaye su yarda 'ya'yansu su zauna a rumfa har ƙarfe 10 na dare.