Hasken lesa ya kai, saura jan launi

Duk tallan sabon majigin lesa da lissafin lumen yake farawa, kamar ƙarfin haske shi ne komai. Amma mai saye yakan kunna na'urar ya ga jar riga ta koma ruwan lemo, fuskar baƙar fata kuma ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Matsalar tana cikin sinadarin da ake kira fosfo.

Yawancin waɗannan na'urori lesa mai shuɗin haske suke harbawa a kan fosfo mai suna YAG:Ce, shi kuma ya mayar da wani kaso na hasken rawaya. Shuɗi da rawaya suka haɗu, ido ya ga fari. Da irin wannan dabara BMW ta fito da fitilar motar i8 a 2014, mai haska kusan mita 600. Fari ne, amma ja ya yi ƙaranci a cikinsa.

Akwai jan fosfo a kasuwa. KSF yana cikin allon wayoyi da talabijin da yawa, CASN kuma, wanda aka ƙirƙira a Japan, yana cikin ƙwan LED. To amma lesa tana tara ƙarfi a wuri ɗan mitsitsi. KSF yana jan lokaci kafin ya saki hasken da ya sha, sai ya ƙoshi ya daina ƙarawa. CASN ya fi shi sauri, sai dai idan zafi ya yi yawa haskensa ya ragu, robar da ke riƙe garin kuma ta ƙone. Shi ya sa masu bincike suke gasa garin ya zama tangaran, ko su narka shi cikin gilashi, don zafi ya samu hanyar fita.

Nan ya kamata kamfanoni su zuba kuɗi, maimakon gasar ƙara lumen. Gaskiya ne ana iya ƙara jar lesa ta daban, kuma wasu majigai masu tsada sun yi hakan, amma farashi yana hawa, hoton ma yakan yi ɗige-ɗigen ƙyalli. Jan fosfo mai jure zafi ne zai kawo launi mai kyau cikin na'urar da ɗalibi ko mai gidan kallon ƙwallo zai iya saye.

Kafin a kai can, mai saye ya bar lambar da ke jikin kwali. Ya sa a kunna masa bidiyon fuskar mutum da jar riga, ya duba da idonsa kafin ya biya.