Gwanintar Da Ke Cikin Tukunyar Tsiro

Masu karatu, addininmu ya haramta giya, ba kuwa wanda zai ji na ce a sha. Amma akwai wani al'amari game da masu dafa ta a ƙasashen Turawa wanda ya cancanci mu dube shi da idon basira.

A wajen 1978 gidajen yin giya a Amurka ba su kai 100 ba, gama manyan kamfanoni sun haɗiye ƙanana, kowa yana fitar da abu iri ɗaya. A cikin shekarar nan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa tasa a gida. Daga nan ƙananan masu sana'a suka yi ta ɓullowa, har yawansu ya haura 9,000 a 2022. Su dai suna ɗaukar aikinsu tamkar na maƙeri ko masaƙi, watau aikin da ake yi da nufi, kowane mataki da dalilinsa. A ganina suna da gaskiya a nan.

Asirin abin yana cikin tsiro. Ana jiƙa hatsi, a shimfiɗa shi har ya fid da tsiro, sa'an nan a shanya. Tsiron nan shi ke juyar da garin ƙwaya ya koma zaƙi. In an yi gaggawa zaƙi ba zai fito ba, in an yi sakaci hatsi ya lalace. Gwani yakan san lokacin da ƙamshi da taɓawar hannu.

To, ashe wannan baƙon ilmi ne a gare mu? Matan da ke dafa burukutu da fito a Filato da kudancin Kaduna sun gaje shi kaka da kakanni, da dawa suke yi. Haka kuma mai kunun zaƙi, wadda ba ruwanta da maye, da tsiro take zaƙaƙa tukunyarta. Alhali kuwa manyan kamfanonin ƙasar nan ba su rungumi dawa sosai ba sai da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Bature ya kira nasa fasaha, ya rubuta littattafai a kansa, mu kuwa mai kunu muna kiranta 'yar talla kawai. Lalle ya kamata makarantun koyon sana'a su gayyaci tsofaffin masu kunu su koyar, a kuma rubuta yadda suke yi tun suna raye.